Malafa a Bakin Tafki

Bana shebur ɗin yankan bakin tafki ya faɗo gidanmu, ni kuwa ni kaɗai ne namiji a gidan. Tun da damina ta kankama mutanen garinmu Los Icacos suke kallona kamar an ba mai tuntuɓe ajiyar ƙwai.

Ban ga laifinsu ba. Na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare, don benci cizona yake yi. Na yi acaɓa a birnin Barranquilla, na yi dako a kasuwa, na shiga gonar kwakwar manja na fito kafin wata ya cika. Goggo Casilda, ƙanwar ubana da ta raine ni, takan ce ko a makara aka sa ni sai na leƙo na ga su wa ke ɗauke da ni. Amma mai yawo yana da abin da mazaunin gida ba shi da shi: ya ga gaba da garinsu.

Tudun yashi ne ya raba tafkinmu da teku. Idan ruwan sama ya cika tafkin, gari kan fito da shebur a yanka masa baki. A zamanin kakanninmu bakin kan daɗe a buɗe, don kogi yana tura ruwa da ƙarfi. Tun da masu gonar manja suka karkatar da rabin kogin zuwa gonakinsu, sai ya yi 'yan makonni teku ta sake toshe shi. Aikin yankan yana zagaya gida-gida. Wanda layi ya zo kansa shi ke sa tsohuwar malafar gari, shi ke saran ƙarshe, kuma shi ke jefa malafar cikin ruwa a fara kamu. Ranar ce manyan kifayen lisa suke rububin fita teku su yi ƙwai, mu kuma mu tare su a ƙofa.

Baba Nemesio shi ya fi kowa tsufa a masu jefa birgi, ragar kamun kifi. Idan ya fara lissafa kifayen da ya kama a tafkin nan yana saurayi, sai kofinsa ya huce bai gama ba. Lisa, robalo mai baƙin layi a gefe, sabalo mai ɓawo kamar azurfa, da wasu da sunayensu suka tafi tare da su. Yanzu duk inda ka jefa birgi karfasa ce. Ba ma tamu ba ce, ambaliya ce ta kwaso ta daga kududdufin wani mai kiwon kifi, ta zo ta mamaye gida. In ba ita ba, tarwada.

Da yake ba na iya zama, babu lungun tafkin da ban tura kwale-kwale ba a daminar nan, daga bakin kogi har inda mangle, itatuwan da ke tsirowa a bakin ruwan gishiri, suka bushe suka tsaya farare kamar ƙasusuwa. Garken lisa ɗaya na gani. Manya ne, cikinsu ya yi nauyi, suna ta zagaye kusa da tudun suna shinshinar gishiri. Na kuma taɓa zama a La Barrita, gabas da mu, shekarar da suka yi wa nasu garken kamun ƙarshe. Sun ci sun sha, an yi kiɗa har yara suka gaji. Yau mazan La Barrita suna tura baro a kasuwar birni, na san su da sunayensu, tare muka yi dako.

Ana gobe za a yanka, na dawo da la'asar na tarar da Goggo a kicin, ruwan tafki ya shigo har idon sawunta. Ta ɗora murhu a kan bulo, tana wanke farantan da take shanya ƙwan lisa a kansu.

Ta ce, "Gobe za ka yanka, ko sai kifin ya shigo tukunya da ƙafarsa?"

"Gobe, Goggo. Baba Nemesio ya ce ruwan ya kai."

"To. Ka sara, ka jefa malafa, ka matsa gefe. Ko akuya aka koya wa za ta iya."

Na zauna a kan turmi na ɗage ƙafafuna. "Idan aka bar masu ƙwan suka wuce fa?"

"Suka wuce ina?"

"Teku. Su yi ƙwai, 'ya'yan su shigo."

"Kai ne ungozomarsu?"

"Garke ɗaya ya rage, Goggo. Na zagaya na gani."

"Ka zagaya. Da ma me ka iya ban da zagaya?" Ta kife faranti a kan ɗan'uwansa. "Elkin, har daga Santa Marta ake aikowa a sayi ƙwan da nake busarwa. Da shi na saya maka takalmin makarantar da ka gudu daga cikinta. Kifi na Allah ne. Kafin a haife ka ake cewa ya ƙare, kuma ga shi har yau muna ci."

"Karfasa muke ci."

"Karfasar ma kwano biyu kake tashi da shi."

Na tashi daga kan turmin. Goggo ba a kayar da ita da baki, ni kuma na riga na yanke abin da zan yi, duk da ban san yadda zai ƙare ba.

Gari na wayewa kowa ya fito kan tudun. Mata da tulunan kofi da dafaffen rogo, yara suna tsere, kwasakwasai sun jeru a kan yashi kamar an aika musu goron gayyata. Muka fara haƙa daga wajen teku muna dosar tafki, maza a layi biyu, yashi yana tashi hagu da dama. Kusa da ni Dagoberto ne, ɗan kawuna, ƙato mai 'ya'ya biyar. Shebur ɗinsa ɗaya ya yi biyun nawa.

Ya ce, "Ɗan Goggo, yau dai ka daure ka gama abu ɗaya a rayuwarka."

"Zan gama."

"A rubuta a bangon coci."

Da hantsi ramin ya kai. Saura tozon yashi mai faɗin kamu ɗaya tsakaninsa da tafkin, ruwan ya kumbura a bayansa, ja-ja, teku kuma ta janye can ƙasa. Maza suka yar da shebur suka ɗauki birgi, kowa ya naɗa nasa a kafaɗa, dalma tana karo da juna, suka jeru a gaɓa biyu. Baba Nemesio ya zo da malafar. Ta tsufa har saƙarta ta yi baƙi, kuma ta yi mini yawa. Ya ɗora mini, ya faɗi abin da ake faɗa kowace shekara, yara suna kwaikwayonsa a baya.

"Ba a jefa birgi sai malafa ta taɓa ruwa. Ba a jefa birgi a kan mutum."

Na sauka cikin ramin na sara. Ruwa ya ziraro kamar fitsarin jariri, aka yi dariya. Na ƙara biyu na yi tsalle na haye. Kafin na miƙe sosai zirin ya zama kwata, kwata ta zama rafi. Gaɓa tana zaftarewa gunduwa-gunduwa, mutane suna ja da baya, ruwan yana ruri har sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Kainuwa ta fara wucewa, da robobin lemo, da takalmi wari ɗaya, da karfasa tana wulƙitawa. Ba wanda ya kula su. Duk ido yana can cikin tafki.

Sai fuskar ruwan ta yamutse, kamar iska ta taɓa wuri ɗaya ta bar sauran. Garken ne. Ya nufo bakin tafkin, baƙi ƙirin, na gaba suna tsalle.

Kowa ya juyo gare ni. Na sa hannu na danna malafar a kaina.

Da farko sun ɗauka wasa nake. Wani daga gaɓar can ya ce, "Elkin, ta manne ne?"

"A kira Casilda ta cire masa. Ita ta riƙa cire masa wando har ya yi gemu."

"Yau ya samu abin da ya yi masa kyau, ba ya son rabuwa da shi."

Na farko-farkon garken suka shiga ramin suka wuce ta gabanmu. Dariya ta ɗauke.

Na ce, "Ku bari su wuce. Na bayansu naku ne."

"Wane na bayansu?" in ji Dagoberto. "Karfasa?"

"Garke ɗaya ne, Dago. Idan muka kwashe shi yau, babu 'ya'yan da za su shigo, baɗi babu abin da za mu tsaya jira."

"'Ya'yana ba baɗi suke jin yunwa ba." Ya juya wajen tsohon. "Baba, ka yi masa magana."

Baba Nemesio ya sosa haɓa. "Ni abin da na gada, idan malafa ta taɓa ruwa a jefa. Ba a gaya mini yaushe za ta taɓa ba."

"To ni zan taɓar da ita."

Ya sauke birginsa ya nufo ni. Na san Dagoberto, tun muna yara ban taɓa kai shi ƙasa ba. Idan na gudu, akwai maza a bayana. Idan na tsaya, malafar ta tafi. Wuri ɗaya ne ba zai bi ni ba. Na ɗauki shebur na zame ta gaɓar da ke zaftarewa na shiga ruwan.

Ruwan ya buge ni a ƙugu kamar sa. Na soka shebur a yashi da duk ƙarfina, na rungume ƙotar, na juya bayana ga tafki. Ya kai mini ƙirji. Malafar tana kaina a bushe. Ga kuma mutum a cikin ruwa. Ka'ida biyu, duka a wuyansu.

Ba wanda ya biyo ni. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da ramin yake yi wa mai shigarsa a sa'ar farko. Sai zagi. An zagi ubana da ya mutu, an zagi makarantar da ta sake ni, wata tsohuwa ta ce tun ranar da aka yi mini baftisma ta ga alamar rashin hankali, don na ciji yatsan fada.

Ni kuwa hankalina yana ƙasa. Ban taɓa sanin kifi da jiki ba sai ranar. Karfasa tana kartar cinya da ƙayar bayanta. Tarwada tana goga santsi ta wuce. Ƙaguwa ta kama ƙafar wandona ta sake. Sai lisa suka iso gaba ɗaya, suna dukana a baya da haƙarƙari kamar dunƙulen hannu, suna rabewa ta hagu da dama, wasu suna tsallake kafaɗata. Nauyinsu kawai ya isa ka san cikinsu cike yake. A tsakiyarsu wani dogo ya goge ni tun daga gwiwa har ƙugu, na ga baƙin layin gefensa.

Na ɗaga murya na ce, "Baba, robalo."

"Na gan shi," in ji tsohon. Ya matso har bakin gaɓa yana leƙe, jikansa yana riƙe da rigarsa ta baya. Can wani abu ya walƙa a ƙarƙashin jan ruwan, faɗinsa kamar murfin tukunya. Baba Nemesio ya nuna da yatsa, bakinsa a buɗe. "Sabalo ne. Ashe akwai saura."

Dagoberto bai tsaya kallon sabalo ba. Ya je kwale-kwale ya ɗauko doguwar gorar tuƙi, ya tsaya daidai kaina yana auna malafar. Gorar ta isa. Sai dai idan ya kuskure kaɗan kaina za ta samu, ni kuma hannuna biyu suna kan shebur.

Goggo Casilda ta ratso maza da farantinta a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tsakaninsa da gaɓa.

"Dagoberto, ajiye gorar nan."

"Goggo, ke ma fa abincinki ne yake wucewa."

"Ina da ido. Ajiye."

"Malafar kawai zan taɓa."

"Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa sai ka haɗa da yatsanka. Idan ka fasa masa kai, da bakinka za ka je kabarin ubansa ka yi bayani."

Ya sauke gorar. Ta juyo ta dube ni daga sama, fuskarta kamar hadari.

"Kai kuma, ɗan banza, ka riƙe shebur ɗin nan da kyau. Ba na son ruwa ya kashe ka kafin na kai gare ka."

Na riƙe. Ni da ba na iya zama a coci har a gama addu'a, na tsaya a wuri ɗaya har hannuwana suka mutu. Yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafafuna, ina ƙara nutsa su. Ruwan ya hau daga ƙirji zuwa wuya, na ɗaga haɓa sama. Dukan da ake yi mini a baya ya fara raguwa. Daga ruwan duka ya koma jefi-jefi, sannan sai kartar karfasa. Na so na cire malafar na jefa da hannuna yadda ake yi. Ina sakin hannu ɗaya shebur ɗin ya tumɓuke.

Ban san yadda na bi ramin ba. Na ga sama, na ga yashi, na sha ruwan laka, na sha na gishiri. Da na ɗago kai ina bayan igiyar ruwa, ba malafa a kaina, jan ruwan tafki yana ta tura ni ciki. Ban yi kokawa da shi ba, ɗan Los Icacos ba ya wannan wautar. Na kwanta na bar shi ya gaji, sannan na yi iyo a karkace. Ta can nesa na hango birgi suna buɗewa a kan ramin kamar laimomi. Kusa da ni kuma, inda jan ruwa ya haɗu da kore, lisa suna ta tsalle suna dosar zurfi. Ba kaɗan ba. Na bi su da ido har igiya ta tare ni.

Na fita nesa da gari, wajen bishiyoyin kwakwa, gwiwata a kuje, wandona ƙafa ɗaya. Na tako a hankali. Da na iso an gama. Kwanduna cike da karfasa da tarwada, da 'yan lisa da suka makara, waɗanda ba su isa a raba wa gari ba. Ba kiɗa. Wani yaro ya tsamo malafar an rataye ta a kan gora tana ɗiga. Mata suka kau da kai. Dagoberto yana tsince ƙaguwa daga birginsa, bai ɗago ba.

Goggo ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta ɗaga hannuna ta duba haƙarƙari. Da ta tabbata babu abin da ya karye, ta ɗauke ni da mari. Hannunta yana ƙarnin kifi.

"Wannan na ruwan da ka shiga ne. Na ƙwan kuma ban yanke ba tukuna."

Dattawa suka zauna a gindin kwale-kwale suka daɗe suna musu. Wasu suka ce a cire gidanmu daga layi har abada. Baba Nemesio ya ce a nuna masa ka'idar da na karya. Ba wanda ya iya nunawa, kuma hakan ya ƙara ba su haushi. Daga ƙarshe suka kira ni. Tunda na ce 'ya'yan lisa za su shigo, to sai da ƙofa za su shigo. Kullum teku tana tara yashi a bakin. Da ma maza ne ke karɓa-karɓa wajen kwashewa. Bana ni kaɗai zan kwashe, kowace safiya, har ranar da ya fi ƙarfin shebur. Idan na tsallake rana ɗaya na tafi yawona, kada na dawo Los Icacos.

Wani ya ce, "Mako ɗaya ba zai yi ba."

Na ce, "A ba ni aron shebur. Nawa yana teku."

Washegari na fito tun rana ba ta yi zafi ba, cikina babu komai, don Goggo ta dafa kofi na mutum ɗaya ta shanye a gabana. Teku ta kwantar da harshen yashi a gefen gabas na bakin. Na shiga har gwiwa na fara. Ruwan ya juya, yanzu koren ne yake shiga cikin ja, a hankali, da sanyi.

Ban daɗe ba na ji tafiya a bayana. Dagoberto ne, hannunsa a aljihu.

Ya ce, "Kada ka ɗauka taya ka na zo yi. Na zo na ga ranar da za ka gudu."

"Nemi wuri ka zauna. Za ka daɗe."

Ya zauna a kan gaɓa yana kallona. Can ya ce, "Ta nan kake zubarwa? Kafin azahar igiya ta mayar maka da shi. Jefa bayan tudun."

Na juya na jefa bayan tudun.